Mai Shimfiɗa Tayil Ba Ta Ganin Bayanta

Wanda bai taɓa aikin gini ba bai san ƙofa ce ƙarshen abin da ake sa wa gida ba. Sai magini ya gama, mai wuta ya ja wayoyinsa, mai famfo ya binne bututunsa, mai tayil ya shimfiɗa ƙasa, sannan kafinta ya zo ya auna tsayin da ya rage ya rataya ƙofa. Ni ma ban sani ba sai da na je Sabha, can ƙasar Larabawa bayan hamada. Duk zaman da na yi ina bin yayata wurin aiki, ban tuna mun shiga sabon gida mai ƙofa ba, ko da ta banɗaki ce.

Yayata mai shimfiɗa tayil ce, ko karo kamar yadda muke cewa a Damagaram. Ba 'yar miƙo kaya ba ce, ita ke riƙe da cokalin gini da gudumar roba. Mijinta ne ya koya mata. Ya gaji da samarin da yake ɗauka, da sun iya riƙe cokali sai su tattara su nufi Tarabulus. Wata rana ya rasa mai taimako, ya ce ta zo ta riƙe masa igiya. Da ma tun muna yara ita ke da ido a gidanmu, ko tabarma aka shimfiɗa a karkace sai ta tashi ta gyara kafin ta iya zama. Ba a daɗe ba ta fi shi iya kusurwa, shi da bakinsa yake faɗa, yana dariya yana cewa ya yi wa kansa. Muddin yana wurin, ba wanda ya isa ya ɗaga ido ya dube ta.

Sai ƙurar yankan tayil ta kama masa ƙirji. Tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har ya kai ko matakala ba ya iya hawa sai ya tsaya ya huta. Gida kuwa akwai yara, akwai haya, akwai magani. Lokacin aurena ya mutu, ina zaune a gida gwaggonnina sun sa mini ido, ko tari na yi sai an ce shi ya sa miji ya kore ni. Da Yaya ta kira ta ce in zo, ban tsaya shawara da kowa ba. Na bi motar Agadas, na sha rairayin da ban taɓa zaton akwai irinsa a duniya ba, na sauka Sabha baƙa wuluk, mijin Yaya yana tsokanata wai gawayi aka aiko musu daga gida.

Na ɗauka kwaɓa siminti aka kira ni. Ranar farko na zage ina jan yashi, ina son in nuna ba cin banza na zo yi ba. Yaya ta dube ni ta ce, "Siminti kowa ma zai kwaɓa. Ke ga wurinki nan." Ta nuna mini bakin ɗakin, inda ƙofa za ta zauna wata rana.

"Nan zan kwaɓa?"

"Nan za ki kwaɓa, nan za ki jiƙa karo, nan za ki zauna in kin gaji. Ko kirana kika ji an yi daga waje, ke za ki amsa."

Sai da ta durƙusa ta fara aiki na gane. Mai tayil daga kusurwa mafi nisa take farawa, ta riƙa ja da baya har ta fito ta bakin ɗaki, don kada ta taka abin da ta shimfiɗa. Ɗanyen tayil ba a taka shi, ko kyanwa ta bi ta kai sai ya nuna. Ke nan yini guda tana durƙushe, kanta a ƙasa, fuskarta ga bango, bayanta ga ƙofar da babu. Ga ƙarar injin yanka, ga bugun guduma. Mutum zai shigo ya tsaya a kanta ba ta sani ba. Namiji bai taɓa tunanin wannan ba, don ba abin da zai same shi in an tsaya a bayansa sai dai a roƙe shi sigari.

Akwai ƙananan abubuwa da yawa da ba wanda ya yi tunaninsu da mace. Takalman aiki da ake sayarwa a kasuwa duk na ƙartai ne, sai Yaya ta cusa tsumma a gaba. Safar hannu ta fi hannunta, tana cire ta ta yi aiki haka, siminti ya cinye mata yatsu har lalle ba ya kama su. Mayafi kuma abokin gabar injin yanka ne. Sau ɗaya bakinsa ya taɓa faifan injin, Allah ya kiyaye yadin ya yage bai ja wuyanta ba. Daga ranar take naɗe shi tam ta cusa cikin wata tsohuwar rigar mijinta. Matan unguwarmu, Hausawa 'yan'uwanmu, suka samu abin faɗa, wai ta koma namiji. Su ne kuma in banɗakinsu ya fashe suke aiko yara a kira ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwa. Kowa ya san zafin Sabha. Maza suna ɗaga jarka suna kwankwaɗa, in ya matsa su zagaya bayan tulin bulo. Mu ina za mu zagaya? Yaya ta shimfiɗa banɗakunan da ba ta san adadinsu ba, masu tayil shuɗi, masu zanen fure, amma ba ko ɗaya da za ta iya shiga, ba ruwa ba ƙofa. Sai ta daina shan ruwa tun safe. Ta kurkure baki ta tofar, ta jiƙa fuska, shi ke nan har mu koma gida. Ni na kasa. Ina sha, in ya matsa ta tsaya mini da zane a wani lungu, ina yi ina zagin duk wanda ya fara gini a duniya.

Kada in ci haƙƙin mutane, yawancin mazan da muka yi aiki tare mutanen kirki ne. Akwai masu ɗauke mana buhun siminti ba mu roƙa ba, akwai masu sunkuyar da kai in za su wuce. Amma kowane gini ba ya rasa mai yawan aro. Yau ya zo aron guduma, gobe igiya, jibi ya zo tambayar ƙarfe nawa alhali ga waya a hannunsa. Irin waɗannan ni ke tare su. Bakina ba shi da linzami tun ina yarinya, a Sabha ne ya yi mini rana. Nakan ce, "Malam, gudumar tana nan wajena, ba a bayan Yaya take ba." Sai ya yi 'yar dariyar kunya ya juya.

Aiki ba ya zuwa wa mace yadda yake zuwa wa namiji. Maza suna zama a mahaɗa da sassafe, inda masu neman ma'aikata ke tsayawa da mota su ɗiba. Mace ba ta zama a can, in ta zauna ba aikin gini za a ɗauka ta zo nema ba. Yaya ta hanyar mutum ɗaya take samun manyan ayyuka, wani dattijo ɗan Agadas, abokin mijinta, wanda kowa ke kira usta, wato shugaban ma'aikata. Shi ke karɓar gini daga mai shi ya raba wa kowa nasa. Ban da shi sai 'yan gyare-gyare a gidajen da ake ciki, inda matan gida ke murna da ita don ba sai maigida ya bar aikinsa ya zauna gadin baƙon namiji ba. Amma gyara ba ya ciyar da gida. Aikin yana sabon gini.

Wata shekara usta ya samo wani babban gida a bakin gari, kan hanyar Ghuddwa, kusa da gonar dabino. Mai gidan tsoho ne ɗan ƙasa, baƙi kamarmu, ya ce kakarsa da Hausa take yi musu faɗa. Yana da 'yar Hausarsa, duk a karye. Da farko da ya ga mata ya ɓata rai, sai da ya ga ɗakin farko. Ya cire takalmi ya bi ƙasan da tafin ƙafa yana neman inda wani tayil ya ɗara wani, bai samu ba. Daga ranar ita ma usta yake ce mata, yana kawo mana dabino a kwali. Ban taɓa ganin Yaya da walwala irin ta lokacin ba. Babban falon gidan ta fi ɗoki, don tayil ɗinsa manya ne masu sheƙi, irin waɗanda ba sa ɓoye kuskure.

Ana cikin aikin falon kunama ta harbe ni. Da safe ne, na zura ƙafa a takalmi ban kakkaɓe ba. Kunamar Sabha ba ta wasa, aka kai ni likita aka yi mini allura, ƙafar ta yi suntum. Yaya ta tsaya a kaina tana juyayi. Kafinta na jiran falon, mai gida na shirin bikin ɗansa, usta ya riga ya aiko mota. Ta ce yini ɗaya ne, kuma duk mutanen ginin an saba. Ta tafi ita kaɗai.

Tun kafin la'asar sai ga ta ta dawo. Ta ce kanta ke ciwo. Ba ta ci abinci ba, ta yi wanka ta daɗe, ta fito ta hau wanke kwanonin da aka riga aka wanke. Da mijinta ya fita alwala ta matso ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Gobe ko da rarrafe sai kin bi ni."

Washegari na bi ta ina ɗingishi. Na tsaya a bakin falon na duba. Ta shimfiɗa fiye da rabi, layi ya miƙe sumul. Amma daga inda ta tsaya da aiki har zuwa can kusurwar ƙarshe, tayil sun nutse ɗaya bayan ɗaya, wani ya karkace, siminti ya bulbulo ta gefe ya bushe. Tazarar da ke tsakaninsu ta mai gudu ce. A kusurwar kuma wajen huɗu sun lotsa wuri ɗaya, inda mutum ya tsaya ya dinga ja da baya bango ya tare shi. Sawun Yaya ne, matar da ko ni ba ta yarda in ɗora yatsa a kan ɗanyen aikinta ba.

"Yaya, wa?"

Ta ajiye jakar kayan aiki, ba ta dube ni ba. Ta ce lokacin azahar ne, maza sun tafi masallacin gonar. Tana durƙushe tana buga tayil sai ta ji hannun wani a ƙugunta. Bakin ɗaki yana bayansa, ba ta da hanya sai ta kan aikinta. Ta tsaya a kusurwa da cokalin gini a hannu, ta rantse masa in ya matso sai ta farke masa fuska. Ya tsaya yana dariya, ya ce wasa yake, ya ce macen da ta zo cikin maza ai ta san abin da ta zo nema. Da ya ji muryoyin masu dawowa daga salla ya ɗauki filayarsa ya fita.

Na san masu jin wannan labari a gida jira suke in ce Balarabe ne. Ba Balarabe ba ne. Namu ne, mai aikin wutar ginin, Bahaushe ɗan'uwanmu. Ya sha cin tuwo a gidanmu ranar Juma'a, Yaya yake kiranta kamar yadda nake kiranta, har dubiya ya zo wa mijinta da lemo a leda.

Na juya zan fita, wallahi ban san ƙafata na ciwo ba. Ta damƙe mini hannu, damƙa irin ta mai aikin siminti.

"Ina za ki?"

"In tona masa asiri gaban kowa!"

"Sannan me? Mai gida ya ji ya kira shurɗa, 'yan sandan nan su zo su tambayi takarda. Wa ke da iƙama, takardar zama, a ginin nan? Ke? Ni? A kwashe mutane a zuba a mota saboda ni, matansu su zo ƙofar gidana? Ko labari ya kai wa wancan da ke kwance yana tari, ya tashi ya ce zai yi faɗa da wane ƙirjin? Ke dai ɗauko mini kurfi da guduma mu ɗaga tayil ɗin nan."

Muna cikin ɗagawa mai gida ya shigo. Ya ga tayil ɗinsa masu tsada a fashe, don wanda siminti ya kama ba ya fita lafiya. Ransa ya ɓaci, amma bai ɗaga murya ba. Ya ce da karyayyar Hausarsa, "Usta, mene wannan? Kai aiki mai kyau kullum." Yaya ta sunkuyar da kai ta ce kwaɓinta ne ya yi ruwa, kuskurenta ne, za ta gyara. Ya girgiza kai ya fita. Na ji yana ce wa ɗansa wani abu da Larabci a waje, na tsinci kalmar mata a ciki. Wannan ya ƙona mini rai fiye da harbin kunamar. Ta ɗauki laifin ta ɗora wa hannunta, hannun da shi kaɗai ne abin alfaharinta a garin.

Mai gida ne kaɗai bai iya karanta ƙasan falon ba. Duk wanda ya san aikin ya leƙo ya gani ya gane, kwaɓi mai ruwa ba ya nutsewa a jere kamar sawu. Magina suka leƙo suka juya. Mai fenti ya leƙo ya ce Allah ya kyauta. Usta ya daɗe tsaye yana bin tayil ɗin da ido har kusurwa, ya dubi Yaya, ya dubi inda mai wuta ke kan tsani yana fito da baki, ya cire hula ya mayar. Shi kuwa gogan har ya leƙo ya ce mini, "Ƙanwata, ya ƙafar? An ce kunama." Na tara yawu na tofar a gabansa. Iyakar abin da na iya yi ke nan, kuma har yau yana ci mini rai.

Muka gama falon, ya yi kyau kamar ba abin da ya faru. Ranar da muka kwashe kaya usta ya kira Yaya gefe, ina tsaye ina ji. Ya ce, "'Yata, ni na san abin da na gani, kuma na san halin yaron nan ba yau ba. Amma masu wuta irinsa ba su da yawa a garin nan, in na kore shi gobe wani zai ɗauke shi. Ni kuma na tsufa, ba zan iya aiki ina gadi ba. In wani abu ya same ki, da wane ido zan dubi mijinki? Ki ɗan huta tukuna."

Na ce, "Baba, ita ce za ta huta? Ita ta yi laifin?"

Ya ce, "Ban ce ta yi laifi ba."

Kuma da gaske bai ce ba. Da tausayi ya yi maganar, idonsa har ya kawo ruwa. Bai sake aiko mota ba.

Yaya ta ci gaba da 'yan gyare-gyare a gidajen mata, yau akwai gobe babu. Daga baya ta fara dafa abinci muna kai wa ma'aikata, da shi aka riƙe gidan. Mijinta ya tambaye ta sau ɗaya me ya sa usta ya daina nemanta, ta ce gwiwoyinta ne suka gaji. Ya dube ta ya daɗe, bai ƙara tambaya ba.

Bayan wasu shekaru, ina gidan na zo taya ta tuƙa tuwo, wata matashiya ta yi sallama. 'Yar Tasawa ce, mijinta ya tafi arewa ya bar ta da goyo, ba labari. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce, "Inna, an ce kin iya karo. Don Allah ki koya mini. Ba na tsoron wahala, na yi dakon bulo a gida."

Yaya ta ajiye muciya. Ta ce ta miƙo hannunta, ta juya shi ta duba. Sannan ta ce, "Dubi tsakar gidan nan. In aka zuba ruwa, ina zai bi?" Yarinyar ta tashi ta ɗan karkata kai, ta nuna wani lungu da ni da na shekara ina shara a wurin ban taɓa lura ya fi ƙasa ba. Na ga fuskar Yaya ta washe, irin washewar da na daɗe ban gani ba. Na ce a raina yau kayan aikin nan za su fito daga ƙarƙashin gado.

Sai ta ce, "Kina da ido. Amma ba zan koya miki ba."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ni ce na yi tsalle na ce, "Haba Yaya! Don me? Ke kaɗai ce mace mai wannan aiki a garin nan, in kin mutu ya mutu ke nan?"

"Ya mutu," in ji ta. "In ta iya za ta so shi, in ta so shi za ta je. Ke za ki bi ta? Ni zan bi ta? Ranar da mai binta ya kwanta ciwo fa? Ni cokali ne a hannuna kuma Allah ya dawo da masu salla da wuri. Ba zan durƙusar da 'yar mutane a ɗakin da ba kowa ba, in zauna a gida ina jiran labari."

Muka yi ta yi, na faɗi maganganu masu zafi, ta bar ni na gama. Na ga hawaye a idonta, na san ba taurin kai ba ne, sai na ƙyale ta. Ta zuba wa yarinyar tuwo ta ci, ta saka mayafi, ta raka ta da ƙafarta gidan wata hajiya da ke neman mai wanki.

Mai wutar yana nan. Ya buɗe shago kusa da kasuwa, in ka wuce da safe za ka ga samari sun kewaye shi yana koya musu aiki.